Wane boris ɗin tsakiya zan sa wa keken tsere da nake mayarwa fiksi?

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Na sayi tsohon keken tsere na gwanjo, firam ɗin ƙarfe, mai giya shida a baya da faranti biyu a gaba, 52 da 42. Ina so in mayar da shi fiksi, irin wanda ba ya firi. Har na sa an kawo mini wilin baya daga Kano da sifiroket mai haƙora 16. Matsalar ita ce boris ɗin tsakiya ya fara kaɗawa, ga shi da na ɗora sarƙa a kan babban faranti sai ta riƙa ƙara, har ta taɓa zamewa ina cikin shataletale. Mai kaya ya ce yana da 103, 107, 110, 113, 118 da 122, in zaɓa. Don Allah wanne zan saya?" Daga wani mai karatu a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka kadai. Idan na fahimce ka, so kake in tsinto maka lamba ɗaya cikin shidan da mai kaya ya lissafa. Lambobin nan tsawon shaf ne a milimita, wato ƙarfen da ya ratsa tsakiyar firam, wanda hannayen feda biyu suke ɗaure a bakinsa. Shi da boris ɗinsa da kofuna biyun da ke riƙe shi a firam, su ne ake rubuta wa BB a jikin kwali, mu kuma muke cewa boris ɗin tsakiya. Kada ka biya kuɗin ko ɗaya tukuna. A aikin fiksi shi ne kayan da ake saya daga ƙarshe, don ba shi da ta cewa. Firam ne ke faɗin irin tiredinsa, wato zaren da kofi ke murɗuwa a kai, karanki, wato hannun feda da mazaunin faranti, shi ke faɗin siffar bakin shaf, wilin baya kuma shi ke yanke tsawon. Tun da wilin yana hannunka, rabin aikin ya ƙare. Saura awo.

Dalilin ƙarar da kake ji

Keke mai giya an ƙera shi ne sarƙarsa ta iya tafiya a karkace. Na'urar canja giya ta baya tana da sifirin, tana jan sarƙa tana kuma ɗora ta kan haƙori ko da layin ya kauce sosai. Da ka cire na'urar nan, ba mai yi wa sarƙa jagora kuma. Dole farantin gaba da sifiroket ɗin baya su miƙe a layi ɗaya kamar sahun salla. In suka saɓa, gefen haƙori zai riƙa gogar cikin sarƙa, kuma ranar da ka faɗa rami ko ka hau tudun rage gudu sarƙar tana ɗan sako-sako, sai ta hau kan haƙori ta fice. A keke mai firi wannan ɓacin rai ne kawai, a tsaya a mayar. A fiksi kuwa, inda feda ba ta daina juyawa muddin wilin baya yana juyawa, sarƙar da ta fita tana iya cusa kanta tsakanin sifiroket da sifok ta ƙulle wilin baya nan take, ko ta faɗo waje ka rasa ikon rage gudu da ƙafa. A tsakiyar 'yan acaɓa da masu Napep, ko wanne ya faru ba daɗi.

Abin da ake aunawa shi ne layin sarƙa, wato nisan da ke tsakanin tsakiyar firam da tsakiyar haƙori. Hob ɗin fiksi na asali, wato cibiyar wilin baya, yakan ajiye sifiroket a milimita 42 daga tsakiya. Karankin keken tsere mai faranti biyu kuma an tsara shi ne tsakiyar farantan biyu ta faɗi a milimita 43.5, ƙaramin na ciki yana wajen 41, babban na waje yana wajen 46. Kai ka ɗora sarƙa a kan na waje, ka haɗa 46 da 42, shi ya sa take kuka. Ka lura da ɗayan ɓangaren lissafin: 41 da 42 kusan abu ɗaya ne. Sau da yawa mai irin kekenka ba ya buƙatar canja tsawon shaf ko kaɗan, sarƙa kawai zai mayar kan faranti mai haƙora 42. Zan dawo kan wannan, amma mu fara da abin da in aka yi kuskure a cikinsa ba ya gyaruwa.

Tiredin firam

Kifa keken ka goge ƙarƙashinsa, ka sa rula ka auna faɗin gidan boris, wato guntun bututun da kofunan suke shiga. Gidan kaɗai za ka auna, ban da leɓen kofi. Sannan ka kankare dattin fuskar kofin dama, galibi akwai rubutu a jiki.

In faɗin milimita 68 ne kuma ka ga 1.37 x 24, tiredin Ingila ne, wanda ake kira BSA, kuma ka huta, don kusan duk abin da ke kasuwa nasa ne. Kofin hagu tiredinsa irin na kowane noti ne, na dama kuwa a juye yake. Hanya mai sauƙin tunawa: keken yana tsaye a kan tayoyinsa, ba a kife ba, ka ɗora sifana hannunta yana sama, ko ta wane gefe kake, in ka tura hannun wajen wilin gaba kwancewa kake yi. In faɗin milimita 70 ne kuma rubutun 36 x 24 ne, na Italiya ne. Kofunansa sun fi kauri, na Ingila zai zurma ciki ba tare da ya kama ba, kuma duka gefen biyu tiredin dama ne. Ana samun boris ɗin Italiya, sai dai ka ambata shi da suna lokacin saye.

Inda ake kuka shi ne tsofaffin kekunan Faransa irin su Peugeot, Motobécane da Gitane, waɗanda ba sa wuyar gani cikin kayan gwanjo da ke shigowa ta Kwatano da Maraɗi. Na kafin tsakiyar shekarun 1980 da yawansu tiredin Faransa gare su, 35 x 1, faɗin gida milimita 68 daidai da na Ingila, shi ya sa yake yaudarar mutane. Kaurin kofin Ingila milimita 34.8 ne, na Faransa 35, tazarar zaren ma ta ɗan bambanta. Sai kofin Ingila ya shiga juyi ɗaya ko biyu lafiya lau, daga nan ya cije. Mai gaggawa ya ɗauko dogon bututu ya ƙara wa sifana, ya tura shi da ƙarfi, shi ke nan tiredin firam ya mutu. Wasu kekunan Faransan kuma irin na Suwizalan gare su, girman ɗaya da na Faransa amma kofin dama a juye. Haka tsofaffin Raleigh na Nottingham, da yawansu zare 26 gare su a inci maimakon 24, gidan kuma yakan kai milimita 71 ko 76.

In kekenka ya faɗo cikin waɗannan, shawarata ka riƙe tsofaffin kofunan kamar zinariya. Wanke su da kananzir ka duba hanyar da ƙwallaye ke bi. In ba ta yi ramuka ba, shaf da ƙwallaye kawai za ka canja. In kofunan sun mutu ko tiredin ya riga ya lalace, akwai boris marar tiredi wanda ɓangarorinsa biyu suke ɗaure juna su matse gidan, sai dai yawanci odarsa ake yi. Duk yadda ta kai, kada ka bari a ɗiga wa kofi walda don ya zauna. Ranar da ya ci, da firam ɗin zai tafi.

Bakin shaf da karanki

Cire murfin da ke tsakiyar hannun feda ka kwance ƙusar, ka leƙa. Keke na zamanin giya shida kusan kullum bakin shaf ɗinsa mai kusurwa huɗu ne, yana ɗan tsukewa wajen ƙarshe. Wannan shi ne mafi alheri ga mai haɗa fiksi, domin shi ne ake samu da tsawo iri-iri. Sai dai shi ma gida biyu ne. Akwai JIS na Japan, wanda Shimano da mafi yawan karankin Asiya suke bi, akwai ISO na Turai, wanda Campagnolo da wasu karankin filin tsere suke bi. Gangaren duka digiri 2 ne, amma bakin ISO ya fi siriri. In ka sa karankin ISO a shaf ɗin JIS zai tsaya waje da kimanin milimita 4.5 fiye da inda ya kamata. In ka juya, karankin JIS a shaf ɗin ISO, zai nutse ciki da kusan haka, wani lokaci har bakin shaf ya zo daidai da mazaunin ƙusa, ka ɗaure iya ƙarfinka amma karanki bai kama ba. Wanda ya hau a haka, ramin karankin alminiyam zai buɗe ya zama kwararo, kuma ba shi da magani. Abin da mai kayanka ya lissafa kusan tabbas JIS ne. In karankinka Shimano ne ko Sugino ko SR na keken titi, kun daidaita.

In ka leƙa ka ga baki mai zagaye da tsaga takwas, Octalink ne na Shimano, na keken titi kuma tsawo biyu aka saba gani, 109.5 na faranti biyu da 118.5 na faranti uku. Mai tsaga goma ISIS ne. Wanda shaf ɗinsa yake manne da karankin dama, kofuna kuma suna wajen firam, irin Hollowtech II mai kaurin milimita 24, ba a zaɓar masa tsawo sam, sai dai a gyara layi ta wurin faranti ko ta wilin baya. Wanda kuma aka soke shi ta gefe da guntun ƙarfe mai noti, irin na kekunan Phoenix da tsofaffin Raleigh, ban ba ka shawarar sa shi a fiksi ba. Takawa gaba da tokarewa baya suna sassauta ƙarfen nan da wuri.

Wani abin da mutane ke mantawa: tsawon shaf na karanki ne. Karanki biyu a shaf ɗaya ba za su ajiye faranti wuri ɗaya ba, saboda wani cibiyarsa ta lotsa ciki, wani a miƙe take. Sugino 75 na filin tsere, alal misali, shaf ɗin ISO mai milimita 109 yake so kafin ya ba ka layin 42, amma 109 ɗin nan ba ta gaya maka komai game da tsohon karankin titi. Saboda haka in kana da niyyar canja karanki nan gaba, canja shi yanzu kafin ka sayi boris, kada ka biya sau biyu.

Awo

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kimar ido ba ta isa ba, don milimita uku ba sa ganuwa daga tsaye. Nemi rular ƙarfe, in da hali ka ari ma'aunin baniya wurin masu juya ƙarfe.

Fara da baya. Auna faɗin tsakanin bakunan firam biyu inda aksul ke shiga, ciki zuwa ciki. Keke mai giya shida yawanci milimita 126 ne, na giya takwas zuwa sama 130, hob ɗin fiksi kuma 120 yake zuwa. Kada ka cike gibin ta gefe ɗaya. Sa washa mai milimita 3 dama, mai milimita 3 hagu, a bayan notin da ke ƙulle kon, wato ƙarfen da ƙwallayen hob ke bi a kansa, don wilin ya zauna a tsakiya layin kuma ya tsaya inda maƙera suka ajiye shi. Ɗaura wilin da sifiroket ɗinsa a matse, ka auna daga cikin bakin firam na dama zuwa tsakiyar haƙorin sifiroket. A ce ka samu 21. Rabin 126 shi ne 63, ka cire 21, saura 42. Wannan lambar ita ce alƙibla. Kada ka ɗauka 42 ce don na faɗa, sifiroket ma kaurin gindinsu ya bambanta, kana iya samun 41 ko 43.

Tun kana wurin, duba hob ɗin da kyau. Na fiksi na gaskiya tiredi biyu gare shi a gefe ɗaya, babba na sifiroket, da ƙarami a waje mai juyin hagu na zoben ƙulli. In tiredi ɗaya ne, hob ɗin firiwil aka ba ka. Wasu sukan ɗaura masa sifiroket su bi da zoben tsohon boris ɗin tsakiya, tun da tiredinsu ɗaya ne, amma duka biyun gefe guda suke kwancewa, kuma tokarewa ɗaya mai ƙarfi tana iya warware su tare.

Yanzu gaba. Bar tsohon boris a wurinsa ko da yana kaɗawa, ɗan matse kofin hagu ya daina wasa, domin shi ne ma'auninka. Karanki yana ɗaure sosai, auna daga gefen bututun sirdi zuwa tsakiyar haƙorin farantin da za ka yi aiki da shi. Sai ka ƙara rabin kaurin bututun. A firam ɗin ƙarfe na da, kaurin yawanci milimita 28.6 ne, rabinsa 14.3. In ka samu 27 zuwa ƙaramin faranti, ka ƙara 14.3, layinka 41.3 ne. Da 42 na baya, wannan ya yi, sai ka sayi sabon boris da zai ajiye karanki daidai inda tsohon ya ajiye shi. Bambancin milimita 1 ba komai ba ne, 2 ana zama da shi in sarƙa tana da kyau, daga 3 zuwa sama a gyara.

To a ce ba haka ka samu ba, wani ya taɓa sa wa keken dogon shaf, ƙaramin farantin ma yana 46. Kana buƙatar matso da shi ciki da milimita 4. Ƙa'idar da aka saba ji ita ce a ninka: shaf ya ragu da 8, rabi dama rabi hagu, mai 118 ya koma 110. Ƙa'idar gaskiya ce, amma ga shaf ɗin da gefensa biyu suke daidai. Tsofaffin shaf masu ƙwallaye a sake da yawansu gefen dama ya fi tsawo, don haka jimillar tsawonsu tana ruɗarwa. Abin da nake yi a irin wannan shi ne in zare karankin dama in auna iya abin da shaf ya leƙo daga fuskar gidan boris zuwa bakinsa. A ce 27 ne. Ana son ya ragu da 4, ya zama 23. Sabon boris mai gefe daidai zai zama 23 sau biyu a haɗa da 68, wato 114, mafi kusa a kasuwa 113. Da ka bi jimillar tsawon tsohon, da ka sayo wanda ya gaza. Kuma ko sababbin ba duka ne gefensu yake daidai ba, saboda haka tafi shago da rularka, ka auna daga cikin leɓen kofin dama, inda zai jingina da firam, zuwa bakin shaf. Wannan tazarar ita ce take yanke layin sarƙa, rubutun kwali biye yake.

Iyakar abin da za a iya yi daga nesa ke nan. Lambar ƙarshe tana jikin karankinka. In za a yi hasashe, irin kekenka da sarƙa a faranti na ciki yakan faɗa tsakanin 110 da 115, amma da hasashe ba a sayen kayan da mai shago ba zai karɓa ba bayan an ɗaura.

Faranti a ciki ko a waje

Mutane da yawa sun fi son faranti a mazaunin waje don ya fi kyan gani. Yana yiwuwa, amma sai shaf ya ragu da kamar milimita 8 zuwa 10, mai 113 ya koma 103. A nan ne ake cin karo da firam. Yatsun karanki da kawunan ƙusoshin faranti suna matsowa kusa da bututun da ya tashi daga tsakiya zuwa wilin baya, haka ƙarshen hannun feda na kowane gefe. Bar aƙalla milimita 3 tsakaninsu da firam, domin ƙarfe yana lanƙwasa in ka miƙe tsaye kana takawa, abin da bai taɓa ba a tsaye zai taɓa a kan hanya. Kwali mai kauri ko alanki mai lamba 3 ya isa gwaji: in ya wuce ta tsakanin, ka tsira. Haka kuma kada ka ce za ka mayar da mai haƙora 52 mazaunin ciki, faɗinsa zai sa haƙoransa su ci firam.

A ganina bar mai 42 a ciki ka cire babban. Da sifiroket 16, kowane juyin feda zai kai ka kimanin mita 5.5, wanda ya dace da gari shimfiɗaɗɗe irin Katsina, kuma ba zai karya maka gwiwa ba ranar da ka nufi Daura iskar hunturu tana dukan ƙirjinka. Haɗin 52 da 16 ya yi nauyi ga tashi da tsayawa na cikin gari. In ka cire faranti ɗaya, tsofaffin ƙusoshin za su yi tsawo, ba za su matse ba. Nemi gajeru na faranti ɗaya, ko ka goge bakin notocin da fayil. In za ka sayi wani faranti, auna da'irar ƙusoshinsa: na tsofaffin Shimano na titi yawanci milimita 130 ne, na wasu tsofaffin Campagnolo 135, na filin tsere 144, ba sa shiga wa juna.

Ƙaramin gyara kuma ba sai an canja shaf ba. Washa mai milimita 1 ko 2 a bayan leɓen kofin dama tana turo faranti waje, kuma washar da ake sa wa firiwil tana shiga daidai a tiredin Ingila. Ita turowa waje kawai take yi, shi ya sa in kana tsakanin lamba biyu, ɗauki gajeren muddin ba ya taɓa firam. Tsohon shaf mai gefe ɗaya dogo ma ana iya juya shi, gajeren gefen ya koma dama, ya matso da faranti ciki kyauta.

Rufaffe ko mai ƙwallaye a sake

Rufaffen boris, wanda shaf da boris suke dunƙule wuri ɗaya, shi na fi so a ƙasarmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, ga yashin gefen titi da taya ke watsowa, in damina ta zo kuma ruwa ya gangaro ta bututun sirdi ya taru a gidan boris. Giris da yashi in suka haɗu sun zama abin wasa wuƙa. Rufaffe irin Shimano BB-UN300 ko tsohon UN55 yana jure wannan shekaru ba a taɓa shi ba. Sai dai jabu sun yi yawa, kuma araha ba ta ado. Riƙe shi a hannu ka murza shaf da yatsu: ya juya sumul da ɗan nauyin giris, ba gargada, ba wasa in ka girgiza shi. Wanda ya juya sakayau kamar fanka, ko kake jin ƙasa-ƙasa a ciki, ajiye musu abinsu.

Mai ƙwallaye a sake shi ma yana da ranarsa, musamman ga mai firam ɗin Faransa ko wanda ke nesa da manyan shaguna, tun da kowane mai gyaran keke a bakin kasuwa yana da ƙwallayensa. Girman su rubu'in inci ne, goma sha ɗaya kowane gefe in ka zuba su a sake, kuma hakan ya fi na cikin keji mai tara ƙarko. Sa rigar roba a tsakiya don tare dattin da ke zubowa daga bututu, ka kwance ka wanke ka sake giris bayan kowace damina.

Ɗaurawa

Zaro karanki da abin zaro shi mai tiredi, ka tabbata ka fitar da washar da ke ƙarƙashin ƙusa kafin ka murɗa shi. Dukan karanki da guduma ta baya yana lotsa hanyar ƙwallaye yana kuma lanƙwasa faranti. Rufaffen boris yana da sifanarsa mai haƙora 20, guduma da cizal ba sa yi masa. Tsohon kofin dama in ya ƙi motsi, jiƙa shi da man kwance tsatsa ya kwana, ka sake tabbatar da gefen da yake kwancewa kafin ka ƙara ƙarfi.

Wanke tiredin gidan da tsohon buroshi da kananzir, ka shafa giris. Fara da gefen dama, da yatsu zalla, ya shiga juyi huɗu ko biyar ba tare da sifana ba. In ya cije tun farko, fitar da shi ka duba, ko ya hau a karkace ne ko tiredin ba nasa ba ne. Matse shi sosai, Shimano suna ba da Nm 50 zuwa 70 a ma'aunin ƙarfin matse noti, wato ƙarfin hannu na gaske. Kofin hagu tallafi kawai yake yi, in na roba ne kada ka ƙure shi, kuma ba laifi in zare ɗaya ko biyu sun rage a waje. A tiredin Italiya da na Faransa kofin dama yana son kwance kansa da tafiya, sai a ɗiga masa maganin riƙe noti mai launin shuɗi a matse shi da kyau.

Game da shafa wa bakin shaf giris, masu gyara sun rabu biyu. Ni ina shafa ɗan kaɗan da yatsa in goge, sannan in ɗaure ƙusa Nm 35 zuwa 50. Bayan hawan farko a sake duba ta sau ɗaya. Kada ka mayar da matse ta al'adar kowane mako, kana ƙara tura karanki ciki ne har ya tsage. Bayan ka ɗaure, sake auna layin, domin sai karanki ya zauna sosai lambar gaskiya take fitowa.

Sarƙa kuma iri biyu ce, mai faɗin 1/8 na inci da mai 3/32. Mai faɗin tana hawa kowane haƙori, siririyar ba ta hawa sifiroket mai kauri. Ja wilin baya har sarƙa ta rage wasan kamar santimita ɗaya sama da ƙasa a tsakiyarta, ka juya feda a hankali ka nemo inda ta fi tsauri, a nan ake saiti. Wannan yana buƙatar bakin firam mai doguwar tsaga da aksul zai iya matsawa gaba da baya, wanda kekunan zamanin naka suke da shi. Abin jan sarƙa mai sifirin ba ya aiki a fiksi, tokarewar farko za ta murɗe shi. Kuma wili yana juyawa kada yatsa ko tsumma su kusanci sarƙa, don ba ta tsayawa in ta kama abu. Haka bakin wando da gefen doguwar riga, a naɗe su kafin a hau.

Saura tsawon hannun feda. Keken titi tsakiyarsa ta fi ta keken filin tsere kusa da ƙasa, ga shi a fiksi ba ka da damar tsayar da feda a sama in za ka sha kwana. Duba bayan hannun fedarka, za ka ga 170 ko 175, tsawonsa ke nan a milimita. In 175 ne, nemi 165 ko 170, in ba haka ba feda za ta daki kwalta a shataletalen da sarƙarka ta zame. In kuwa za ka canja shi, ka ga an koma maganar farko: karanki tukuna, sannan awo, sannan boris. Birkin gaba kuma bar shi a wurinsa, da sababbin roba.